Ba Komai Ɗin Kawu Sale

Gwiwa.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku kun sauka Kano lafiya, kai da iyalinka Zainab. Allah Ya sa kun shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum. Innarka ce za ta cusa takardar a bakin buhun geron da muka haɗa muku, don ta san ko me ka ƙi buɗewa, wannan dai sai ka buɗe shi.

Ka san ni da kai ba ma doguwar hira. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina gare ka, in na zaunar da kai sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka farashin taki. Shi ya sa na ari biro wurin ƙanwarka na zauna a zaure.

Maganar motar nan ce. Ka ce min akwai kamfani a Kano da ke ba da mota haya, mutum ya ajiye kuɗin kafin alƙalami, ya ɗauka yana aiki da ita yana biya duk wata, in wa'adi ya cika ko ya mayar ko ya cike ta zama tasa. Ban ƙi ba. Ka iya tuƙi, ka ma fi ni natsuwa a kan sitiyari, ko da yake ba zan maimaita wannan a gaban mutane ba. Amma da na tambaye ka da wa za ka zauna ku yi ciniki a cikin ma'aikatan wurin, sai ka yi murmushi ka ce, "Baba, ba komai, ai yayan Zainab, Yaya Musbahu, a can yake aiki." Wallahi Abba, furar da ke hannuna a lokacin ban ƙara kurɓarta ba. Ba motar nake ji wa tsoro ba. Gidanka nake ji wa tsoro, da yarinyar nan da aka kawo maka wadda ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba.

Bari in ba ka labarin da ka san gefensa kawai.

Kana goye a lokacin. Ina tuƙa bas ɗin wani Alhaji, Kazaure zuwa Roni, Roni zuwa Gwiwa, ranar kasuwa mu leƙa Babura. Na gaji da wuni ina shan rana da ƙura, da yamma in miƙa wa wani abin da na samo ya ɗan yafito min. Sai na ji an buɗe wani wuri a Kazaure, bakin titin Kano, da ke ba da motoci irin yadda ka faɗa. Raina ya biya, na kasa zaune na kasa tsaye.

Wautar farko tun daga gida na fito da ita. Na je na ari babbar riga ta shadda wurin wani abokina, na kafa hula, na fesa turare, wai don kada a raina ni. Direban haya fa, mai kanta a tafin hannu! Ashe masu sayar da mota riga suke fara yi wa kuɗi kafin su dubi mai ita. Duk wanda ya gan ni a ranar ya ɗauka ina da rumbuna cike a gida, ni kuma rigar ta hana ni cewa ba ni da shi. Don haka ka je da kayan da kake tuƙi da su, wankakku dai. Wanda ya san daidai ƙarfinka shi zai ɗora maka abin da za ka iya ɗauka.

Na shiga ofis, aka nuna min teburin wani mutum, Malam Ɗanjuma, shi ne mataimakin manaja. Siriri ne, baƙi, ya sha kunu kamar wanda aka ci bashinsa aka gudu. Na yi sallama ya amsa a taƙaice, ko "ina gajiya" bai ƙara ba. Ya dubi rigata, ya dubi hannuwana, ya ce, "Direba ne kai?" Na ce e. Ya ce, "Wace hanya kake bi?" Na faɗa masa. Ya ce, "Da damina fa, me kake samu a hanyar nan?"

Na ji kamar ya mare ni. Ina ruwansa da abin da nake samu? Na ce masa Allah ke ciyar da bawa. Ya ce, "Haka ne. To saurara. In biya ya tsaya maka muka ɗaga maka ƙafa ba ka kawo ba, za mu ɗauke motar ko a ina take. Gyaran inji da giya a wuyanka yake. Kafin alƙalaminka kuma ba ya dawowa. Je ka gida ka kwana da maganar, ka dawo mu zauna mu ga yadda za a yi da damina."

Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan wane irin ɗan kasuwa ne, mutum ya zo da alheri ana yi masa baƙin baki. Ka ga wauta ta biyu ke nan. Mutumin nan bai ɓoye min komai ba, ya shimfiɗa min maganar a fili, ni kuma na ƙi shi don bai yi min dariya ba. Abba, in ka shiga wurin nan, wanda ya fara gaya maka ranar da za a ƙwace motar kafin ya nuna maka kyan kujerunta, ka ja kujera ka zauna a gabansa, ko da fuskarsa ta fi ta Malam Ɗanjuma bushewa.

Ina fitowa, a gindin wata darbejiya da ke bakin ƙofa, sai na ji an ƙwala min kira: "Ango! Angon 'yata!" Na waiga, sai ga Kawu Sale a kan benci. Kai ba za ka tuna shi sosai ba. Ƙanen kakarka ne ta Roni, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi wa innarka walicci ranar ɗaurin aurenmu. Mutum ne mai fara'a, ga kyauta, in yana wuri ba a zaman shiru. Na tuɓe takalma na durƙusa na gaishe shi, rigar aro tana sharar ƙasa.

Ya ce, "Me ya kawo ka nan?" Na faɗa masa kaina a sunkuye. Ya tafa hannu ya ce, "La ilaha illallahu! Ina wurin nan za ka je gun wancan mai busasshiyar fuska? Ai nan gidanka ne. Zauna, zauna." Ya aika aka sayo min lemo mai sanyi. Ya kama hannuna muka zaga motoci, ya buɗe min wata farar bas, ya ce in hau in ji kujera. Na hau. Kai, Abba, har yau ina jin ƙamshin cikin motar nan.

Tambayoyi cike da cikina na baro gida, na kuma ƙaro wasu a ofishin Malam Ɗanjuma. Amma ta yaya zan ɗaga ido in dubi waliyyin matata in ce masa rage min? Ta yaya zan ce masa ban gane ba, maimaita? Da ƙyar na iya buɗe baki ina kallon ƙasa na ce, "Kawu, to in damina ta faɗi, fasinja suka yi ƙaranci fa?" Ya ce, "Ba komai." Na ce, "In inji ya ba da matsala fa?" Ya ce, "Ba komai, ɗana, ai ina nan." Na so in ce kafin alƙalamin fa, sai na ji nauyi, kada ya ga kamar ina zarginsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ango, ka cika tsoro. Ba komai, in sha Allahu."

Na dawo Gwiwa baki har kunne. Kuɗin kafin alƙalami ba ni da su, sai shanun innarka na gado da ke wurin danginta a rugar bayan Roni. Ban ma gama roƙonta ba ta ce, "In dai Kawu ne a tsakani, ai shi ke nan." Aka kora su kasuwa. Akwai wata ja a cikinsu da ta raina tun tana maraƙa, ranar innarka ba ta fito tsakar gida ba.

Ranar sa hannu ko ofis ban shiga ba. Kawu Sale ne ya shiga ya fito da takardun, ya ɗora min a kan benci a gindin darbejiya, ya nuna min da yatsa. Na iya karatun boko, ka sani. Amma a ce suruki ya miƙo maka takarda ka tsaya kana bin ta layi-layi a gabansa? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Na sa hannu, na ce Allah Ya saka da alheri, na sake durƙusawa.

Wannan ita ce babbar wautar, kuma saboda ita na ɗauki biro. Ba a ciniki da wanda ake tuɓe wa takalmi. Ciniki yana son mutumin da za ka kalla ido cikin ido ka ce ya yi tsada, ya ce albarka, ka miƙe ka kama hanya, ya kira ka ko ya ƙyale ka, gobe ku haɗu ku gaisa ba wanda ya riƙe wani a zuci. Za ka iya yi wa Yaya Musbahu haka? Kai da na gani ranar walimar bikinku ka kasa cin abinci don yana zaune a wurin?

Da kaka da rani mota ta yi albarka, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ana ta kai gyaɗa da gero kasuwa, ga bukukuwa, ga 'yan ci-rani. Ina biya a kan kari, har na saya wa innarka atamfa ina jin kaina wani ne. Sai ruwa ya sauka. Kowa ya shige gona, kuɗi suka koma taki da ƙwadago, sai in wuni a tasha ina hamma bas ba ta cika ba. Hanyar ƙauyukan nan ta zama taɓo. Ana cikin haka giya ta watse min a hawan dutsen nan kafin a shiga Kazaure, abin da na tara na biyan wata ya tafi wurin makaniki.

Na je gun Kawu Sale. Ya ce, "Ba komai, zan yi musu magana." Na koma, ya ce, "Ba komai, na yi wa manaja bayani." Zuwa na gaba benci ne kawai a gindin darbejiya. Mai gadi ne ya ji tausayina ya fahimtar da ni cewa Kawu ba shi da tebur a wurin, ba shi da sa hannu, shi dai yana kawo masu saye ne, in mota ta fita a ba shi la'adarsa. Bayan nan ba abin da zai iya ɗagawa ko saukewa.

Kada ka ɗauka mugu ne. Na daɗe ina ɗaukarsa haka, sai da furfura ta fito min na gane. Ni ina jin kunyar in tambaye shi, shi kuma yana jin kunyar ya ce wa mijin 'yarsa ba shi da iko a wurin da yake wuni. Da baƙo ne ya zo masa, wataƙila da ya ce masa je ka ciki ka tambaya. Ni kuwa ya so ya fita kunyata, ni ma na so in fita tasa, muka taru muka kai shanun innarka mahauta. Don haka abu na farko da za ka bincika a kamfanin nan, kafin launin mota, shi ne wa ke da ikon cewa an ɗaga maka ƙafa a ɗaga ɗin. Ka tambayi direbobin da suka riga ka ɗauka, ba waɗanda suka karɓa jiya ba, waɗanda suka taɓa makara da biya. Ka ce musu ranar da abu ya cije, wa ya ɗauki wayarku? Sunan da suka faɗa, shi za ka nema. Ko mace ce, ko yaro ne sa'an ƙaninka, ko ba yarenku ɗaya ba, zauna da shi.

A tashar Roni suka same ni, ranar kasuwa, rana tsaka. Duk garuruwan duniyar nan sai a garin surukaina. Bas ta cika a karon farko bayan an daɗe, har da awaki a but. Mutum biyu suka zo da takarda suka ce in ba da makulli. Aka sauke mata da buhunansu da 'ya'yansu, wata tsohuwa tana ta tambaya ko taya ce ta yi faci. Na tsaya riƙe da butata da darduma, su kaɗai na ciro daga motar. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na je ofis, wannan karon da rigata ta tuƙi. Malam Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "Ai na ce ka dawo mu zauna a kan damina. Masu bin hanyar karkara muna sassauta musu biya da damina su cike da kaka, amma a ranar ciniki ake shirya haka, ba bayan an sa hannu ba. Ta tagar nan na hango ka kana sa hannu a kan benci. Na ce to, ya sami wanda ya fi ni." Bai yi min dariya ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Na juya na fito.

To kai ma ka tambaya, tun kana da bakin tambaya. Birni ma yana da daminarsa: ranar da mai zai yi tsada, ranar da zazzaɓi zai kwantar da kai, ranar da wani zai goge ka a hanya mota ta kwana a gareji. Ka ce a gaya maka me zai faru a kowace, ka ce a nuna maka inda aka rubuta, ka karanta a zaune a kan kujera ba a durƙushe ba. Kuma kada ka gama a rana ɗaya. Ka dawo gida ka kwana da maganar, motar ba za ta tsufa kafin gari ya waye ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ka da dogon rubutu ba. Mota ƙarfe ce, na koma tuƙin ta mutane, muka ci muka sha har kuka girma. Abin da bai gyaru ba shi ne abin da bakina ya yi. Na shigo gida da zafin rai, innarka ta kawo min ruwa, na ce mata, "Kawunki ya cuce ni." Ita da aka sayar wa shanu, ita na faɗa wa haka. Ban tsaya nan ba, na maimaita a tasha, na maimaita a wurin wani suna, magana ta yi ƙafa ta isa Roni. Kakarka ta aiko cewa ƙanenta ba ɓarawo ba ne. Kawu Sale ya daina zuwa duk taron da ya san zan je. Innarka ta rasa inda za ta sa kanta: in ta je gida a yi mata shiru, in ta dawo ta tarar da ni na ɗaure fuska. A hankali ta rage zuwa, har ya zama sai da dalili mai ƙarfi.

Da Kawu Sale ya kwanta ciwon ajali, an aiko. Ba ta tambaye ni zuwa ba, don tana tsoron abin da zan ce. Ni kuma na san an aiko, girman kai ya hana ni cewa tashi mu je. Mutumin da ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, ya aurar da ita, sai ta'aziyyarsa ta je, ta zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Wannan abu yana cina har yau, Abba. Na yi nadamarsa fiye da motar da shanun gaba ɗaya. Duk lokacin da na ɗauko zancen don in nemi gafararta, sai ta ce, "Ba komai, Malam," ta tashi ta kama wani aiki. Na daɗe da sanin cewa da komai.

Ban ce Musbahu zai cuce ka ba. Yaron kirki ne, na ga tarbiyyarsa. Kawu Sale ma mutumin kirki ne. Abin da nake gaya maka shi ne, in ka yi ciniki da baƙo abu ya lalace, mota ka rasa. In ka yi da yayan matarka abu ya lalace, Zainab ce za ta biya, kuma ba da kuɗi ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka je gidansa tukuna, ba wurin aiki ba, ka kai masa tsarabar gida, ka gaishe shi yadda ya kamata. Ka ce masa, "Yaya, girmanka ya fi ƙarfin in yi ciniki da kai. Nuna min wanda ke da ikon sa hannu, ka bar ni da shi." In mai hankali ne zai ji daɗi, don ka sauke masa kaya. In ya ji haushi, haushin kwana kaɗan ne, Zainab za ta shafe shi da kwanon tuwo ɗaya. In kuma la'ada yake samu, ka ce a rubuta shi ya kawo ka ya ci rabonsa, amma bakinsa kada ya shiga cinikin. Sannan kafin alƙalami kada ya fito daga ɗakin matarka, ko ɗan kunne ɗaya, ko da ita ta miƙo da hannunta. Gyaɗar bana tana nan, in an sayar zan aiko maka da abin da ya samu, ka haɗa da naka. In bai kai ba, ka jira.

Ɗazu da hantsi innarka tana ɗaure muku kaya a tsakar gida, ta ga ina ta rubutu ta ce me nake rubutawa haka kamar mai ɗaukar jarrabawa. Na gaya mata. Na ce har da maganar Kawu na sa, in ba ta so in yage. Na jira ta ce ba komai yadda ta saba. Ba ta ce ba. Ta saki igiyar buhu ta ce, "Bar shi. Ka ƙara masa da cewa in ji ni, kada ya koya wa 'yar mutane faɗin ba komai." Ta juya ta shige ɗaki. To, na ƙara.

Allah Ya tsare ka a kan hanya, Ya tsare fasinjan da za ka ɗauka, Ya raba ka da haɗari da tsautsayi. Allah Ya ba ka halal mai albarka, Ya haɗa ka da mai gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa, Ya yafe min. Allah Ya sa Zainab ta riƙa shiga gidansu da dariya ta fito da dariya har ƙarshen rayuwarku. Ka gaishe ta, ka gaida Musbahu da kyau. Innarka da ƙannenka suna gaishe ku.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna Direba.